Daga Gandu Zuwa Fansho: Tarihin Tanadi a Ƙasar Kankiya da Kusada

Duk mutumin da Allah ya ja kwanansa yakan taka matakai uku, wato ƙuruciya da magidanci da tsufa, kuma kowane da irin nauyin da yake ɗora wa aljihu. Wannan bai canja ba tun zamanin kakanninmu. Abin da ya canja shi ne wanda yake ɗaukar nauyin.

A da, gandu ne yake ɗauka. Saurayi yakan yi aiki a gonar mahaifinsa daga safe zuwa azahar, da yamma kuma ya wuce gayaunarsa, wadda amfaninta nasa ne. Maigida shi ne mai ciyarwa, shi ke samar da iri da fartanya, ya biya wa ɗa haraji, ya kuma yi masa auren fari. Damuwar saurayi ba ta wuce riga da ɗan abin kai wa budurwa ran kasuwa ba. Magidanci kuwa hankalinsa na kan rumbu, kada hatsi ya ƙare kafin kaka. Idan tsufa ya zo, 'ya'yan da ya aurar su ke noma masa. Mata ma da nasu tsarin: adashi da awaki da kwanukan jere, domin ranar aurar da ɗiya.

Da jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, gyaɗa da auduga suka zama kuɗi. Kasancewar Kankiya a kan hanyar Kano zuwa Katsina ya sa cirani ya yi sauƙi, samari suka ɗanɗana kuɗin kansu, gandu ya fara sassautawa. A 1973 naira ta maye gurbin fam, shekarar da fari ya nuna wa jama'a cewa rumbun shekara ɗaya bai isa ba. Sai ga ƙarin albashin Udoji na 1974, sai shirin ilmin firamare kyauta na 1976, wanda ya mayar da samari da yawa malaman makaranta. Bayan hawan Gwamna Balarabe Musa a 1979 aka soke haraji da jangali a tsohuwar Jihar Kaduna, wadda muke cikinta kafin a ƙirƙiro Jihar Katsina a 1987. An ji daɗin hakan ƙwarai, amma igiya ɗaya da ta ɗaure ɗa da gandun ubansa ta ƙara kwancewa.

Daga nan kowane mataki ya koma wuyan mai shi. Saurayi ya shiga neman sadaki da lefe da kansa. Magidanci ya haɗu da kuɗin makaranta da na asibiti da na takin zamani, ga kayan ɗaki da gara. Da tsarin tsuke bakin aljihu na 1986 ya karya darajar naira, wanda ya ɓoye takarda ya yi asara, wanda ya sayi gona ko saniya ya tsira.

Tsufa ne matakin da aka bari a sarari. Dokar fansho ta 2004, wadda aka sabunta a 2014, ta tanadi a riƙa tara wa ma'aikaci kuɗi daga albashinsa da kuma aljihun wanda ya ɗauke shi aiki. To, manomi da ɗan tireda da ɗan acaɓa, waɗanda su ne mafi yawanmu, ba su da albashin da za a yanka. 'Ya'yan da a da za su noma wa tsoho, yau suna Kano ko Legas suna fama da hayar ɗaki. Shi ya sa ake ganin magidanci ya sayar da gonar gado don bikin kwana uku, alhali ita ce fanshonsa.

Darasin a fili yake. Saurayi ya riƙe sana'a, ya fara da akuya ko adashi tun kafin aure. Magidanci ya auna biki da ƙarfinsa, kada ya taɓa gona. Dattijo ya rubuta bashin da ake bin sa da wanda yake bi, ya nuna wa magada iyakar gonakinsa a gaban shaidu. Gandu ba zai dawo yadda yake ba, saboda haka aikin da ya yi wa iyayenmu, sai kowa ya tsara wa kansa tun yana da sauran ƙarfi.