TARIHIN DA KE RUBUCE A BAKIN ƘAHO

Da yawa daga cikinku za su tuna ranar da muka buɗe ɗakin ajiyar kayan badujala na makarantarmu, muka tarar da ganguna sun fashe, ƙahoni kuwa tsatsa da gizo-gizo sun raba su. A wurin aka yanke shawarar a yi karo-karo a farfaɗo da ƙungiyar, ni kuma aka ɗora mini sayo turombon guda uku, wato ƙahon nan mai dogon bututu da ake ja ana turawa, saboda shi na busa ina aji huɗu. Kuɗinmu bai kai na sabo ba, sai na hannu. To, kuɗin jama'a amana ne, shi ya sa na zauna na bi asalin waɗannan ƙahoni don kada in yi cinikin biri a sama.

Da yawa daga cikin tsofaffin ƙahonin ɗalibai da ke yawo a hannun dillalai daga Amurka suka fito ko Ingila. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu makarantun Amurka sun cika da ƙungiyoyin busa, sai kamfanoni suka shiga ƙera ƙaho mai sauƙin kuɗi da jure wahalar yara. Kamfanin Conn na garin Elkhart ya fitar da Director, Olds ya fitar da Ambassador, kamfanin H.N. White kuma, mai ƙera King, ya sa wa nasa suna Cleveland, sunan garinsu.

Abin da na fara koya shi ne suna kaɗai ba ya isa, sai an karanta garin da aka zana a faffaɗan bakin ƙahon. Olds ya tashi daga Los Anjalas ya koma Fullerton a tsakiyar shekarun 1950, ya rufe a 1979. Ke nan Ambassador mai ɗauke da sunan Los Anjalas ya girmi mai Fullerton. Shi kuwa H.N. White, wanda aka kafa a 1893, ya sauya hannu a 1965 ya koma King Musical Instruments, aka kai aikin garin Eastlake. Idan ka ga tsohon sunan, ka san ƙahon ya riga wannan sauyi. Conn ma an sayar da shi a 1969, daga baya aka kwashe aikin daga Elkhart, kuma masu busa sun fi yabon na kafin tashin. Bayan gari sai lambar ƙira, wadda galibi ake bugawa kusa da inda bututun ja ya haɗu da jikin ƙahon. Akwai jadawalin waɗannan lambobi da ke nuna shekara.

Amma inda na kusa yin asara shi ne a kan na Ingila. Wani dillali ya nuna mini ƙahon Boosey & Hawkes, kamfanin da aka kafa a 1930 da haɗewar gidaje biyu, wanda kuma ya mallaki Besson a 1948. Ƙahon yana sheƙi, farashinsa kuma ya kwanta mini. Allah ya taimake ni na tafi da tsohon malaminmu na badujala. Ya busa shi sau ɗaya, ya busa nasa, sai ya girgiza kai ya ce, “Ɗana, wannan ba zai zauna lafiya da 'yan uwansa ba.”

Dalili kuwa tarihi ne. A 1939 aka yi taro a Landan aka amince da ma'aunin amo na girgiza 440 a daƙiƙa, amma ƙungiyoyin busa na Ingila suka ci gaba da tsohon ma'auninsu mai kaifi, wajen 452, har tsakiyar shekarun 1960 da masu ƙira suka daina yin irinsa. Ƙahon da aka ƙera a tsohon ma'auni, in ba an ƙara masa tsawon bututu ba, kullum muryarsa tana saman ta sauran, yaro ya yi ta shan faɗa a kan laifin da ba nasa ba.

Malam ya ƙara mini da abu biyu. Na farko, bututun ja shi ne ran ƙahon: a zare shi a duba ko ya lanƙwashe, ko farin rufinsa ya ɓare, a kuma ja shi cikin matsayinsa bakwai a ji ko yana tafiya sumul. Na biyu, jajayen ɗigo a jikin tagullar alama ce ta ruɓewa daga ciki, kuma ba ta da magani sai sauya wurin. Lotsawa a bakin ƙaho kuwa da dusashewar sheƙi ba abin damuwa ba ne.

A ƙarshe na sayo Ambassador biyu na Fullerton da Director ɗaya, duk sun girme ni nesa ba kusa ba. Ranar da yara suka fara fareti da su na yarda cewa da tsohuwar zuma ake magani, muddin an san rumbun da ta fito. Ina roƙon duk wanda ke da tsohon ƙaho a ajiye a gida ya kawo wa ƙungiya mu duba shi tare. Allah ya ɗaukaka makarantarmu, ya jiƙan malamanmu da suka riga mu gidan gaskiya, amin.