Daga Mafara zuwa Jidda: Nisa da tsawon lokacin tafiya

Shekara da shekaru bayan ƙirƙiro jihar Zamfara a 1996, akasarin alhazan jihar daga filin jirgin sama na Sarkin Musulmi Abubakar na Uku da ke Sakkwato suka riƙa tashi zuwa ƙasa mai tsarki.

Ga maniyyacin Talata Mafara ko Bakura ko Maradun, tafiyar kashi biyu ce: ta mota zuwa filin jirgi, sannan ta sama.

Talata Mafara tana kan babbar hanyar Gusau zuwa Sakkwato, kusan a tsakiya, inda kowane ɗaya daga cikin biranen biyu yake da nisan kimanin kilomita 100 daga garin.

Nisa ta sama

Idan aka auna kai tsaye, tsakanin Sakkwato da Jidda akwai kimanin kilomita 3,700, zuwa Madina kuwa sama da kilomita 3,800.

Manyan jiragen fasinja kan yi gudun kilomita 800 zuwa 900 a cikin sa'a guda, don haka jirgin da ya miƙe ta samaniyar Nijar da Chadi da Sudan, ya tsallaka Bahar Maliya, yakan sauka cikin kimanin sa'o'i biyar.

Agogon Saudiyya yana gaba da na Najeriya da sa'o'i biyu. Wanda ya tashi da ƙarfe 12 na rana zai sauka wajen ƙarfe 7 na yamma agogon can.

Abin da ke sauya lokaci

Nisan dai bai canjawa, amma lokacin yana ƙaruwa ko ya ragu gwargwadon iska da kuma hanyar da aka ba jirgin izinin bi.

An ga haka a 2023, lokacin da yaƙi ya ɓarke a Sudan a watan Afrilu aka rufe sararin samaniyar ƙasar. Dole jiragen alhazan Najeriya suka yi zagaye, tafiyar ta ƙara tsawo, kamfanonin jiragen kuma suka nemi ƙarin kuɗi.

A lokacin hunturu kuma, hazo kan jinkirta tashi da saukar jirage a filayen arewacin Najeriya.

Tsakanin Gusau da Sakkwato

Ta sama, tazarar biranen biyu kimanin kilomita 180 ce, wadda jirgi ke cinyewa a ƙasa da sa'a guda. Sai dai jihar ta daɗe da ƙaramin fili kawai a Gusau, wanda bai ɗaukar manyan jirage.

A watan Maris na 2021 ma, gwamnatin Muhammadu Buhari ta haramta shawagin jirage a Zamfara, bayan sace ɗalibai mata 279 a Jangebe, cikin ƙaramar hukumar Talata Mafara.

A watan Yunin 2024 Gwamna Dauda Lawal ya ƙaddamar da aikin gina babban filin jirgi a Gusau.

Ga mutanen yammacin jihar, ko Gusau suka nufa ko Sakkwato, sai sun fara shafe kusan wannan kilomita 100 a mota, a yankin da ya sha fama da hare-haren 'yan bindiga.