Yadda ake faɗaɗa zane daga cibiya guda

A ilimin lissafi, ana iya ƙara girman zane ko a rage shi ba tare da fasalinsa ya sauya ba.

Akan zaɓi cibiya, sannan a ninka nisan kowane ɗigo daga cibiyar da adadi ɗaya. Idan cibiyar tana (0,0) aka ninka sau 2, ɗigon (2,3) zai koma (4,6). Kusurwoyi kuwa suna nan yadda suke.

Haka ake yi wa taswira. In aka ninka taswirar gabashin jihar Kano sau 2, aka ɗauki garin Gaya a matsayin cibiya, Gaya ba za ta motsa ba, amma tazarar Ajingi a takardar za ta ninka.

Sai dai filin gona a takardar sau 4 zai ƙaru, ba sau 2 ba.