Nau'o'in hannu a wasan Blackjack

Blackjack wasan karta ne na caca da ya samo asali daga wasan “21” na ƙasashen Turai, ya kuma yi fice a Amurka bayan jihar Nevada ta halatta caca a 1931. Ɗan wasa na karawa ne da mai rabon kati, yana neman jimillar da ta fi ta mai rabon ba tare da ta haura 21 ba. Katunan 2 zuwa 10 suna da darajar lambarsu, masu hoto darajarsu 10, shi kuwa As ana ƙirga shi 1 ko 11.

Hannu mai laushi shi ne wanda ake ƙirga As ɗinsa 11. As da 6, alal misali, 17 ne. Idan aka ƙara kati mai daraja 10, sai As ya koma 1, jimillar ta tsaya a 17. Hannu mai tauri ba shi da wannan sassauci: 10 da 6 suna ba da 16, kuma duk katin da ya wuce 5 zai sa ya haura 21. Idan katunan farko biyu darajarsu ɗaya, ana iya raba su zuwa hannu biyu da ƙarin kuɗin caca.

Hannu mafi ƙarfi shi ne As da kati mai daraja 10 a rabon farko. Galibi ana biyan sa 3 a kan 2, wasu gidajen caca kuma 6 a kan 5.