DAGA TAKARDAR HARAJI ZUWA LAMBAR NIN



Makon jiya na raka Kawu banki saboda an riƙe masa asusu. Laifinsa ɗaya: a BVN an rubuta Muhammadu, a takardar NIN kuma yaron da ya cike masa fom a shagon kwamfuta ya rubuta Mohammed, ya kuma ƙirƙiro masa ranar haihuwa ta 1 ga Janairu. Ma'aikaciyar ta yi masa bayani cikin ladabi, ta ce, "Baba, na'ura ce ta ƙi, ba mu ba ne." Da muka fito, Kawu ya dube ni ya ce, "Kai yaro, a zamaninmu in kana da takardar haraji a aljihu babu ɗan dokan da zai tare ka. Yanzu takarda uku gare ni, kuma an ce ba ni ba ne."

Maganar nan ta tsaya mini a rai, shi ya sa na ce bari mu waiwayi inda aka faro.

Matasa da yawa ba su san cewa katin shaida na farko da talakan Arewa ya riƙe shi ne rasidin haraji ba. A zamanin En'e, mai unguwa ne ke ƙirga magidanta, ya kai wa dagaci, dagaci ya kai wa hakimi, har lissafi ya isa baitulmali. Fulani kuma ana ƙirga shanunsu don jangali. In za ka yi tafiya, ko za ka ci rani, sai ka soke rasidinka a aljihu, domin ana iya tambayarka a tasha ko a kasuwa. Wato tun farko, duk ranar da hukuma ta zo rubuta sunanka, ka san karɓa ta zo yi. Shi ya sa ake ɓoye samari a rumbu, ake kaɗa shanu daji in malamin jangali ya doso. Wannan tsoron bai mutu ba, ko da Abubakar Rimi a Kano da Balarabe Musa a Kaduna suka soke haraji da jangali a 1979.

Abin mamaki, a wannan shekarar ta 1979 ce gwamnatin soja ta Obasanjo ta yi dokar kafa sashen rajistar 'yan ƙasa, wanda aka ɗora wa alhakin ba kowa katin shaida. Gwamnatoci suka yi ta zuwa suna wucewa, ana ware kuɗi, ana ba da kwangila, kati bai fito ba. Sai da Obasanjon ya dawo a farar hula, a 2001 aka ba kamfanin SAGEM na Faransa kwangilar dala miliyan 214. Aka fara rajista a Fabrairun 2003. Waɗanda suka manyanta a lokacin za su tuna layin da aka yi a makarantun firamare, da yadda wasu 'yan siyasar Arewa suka yi ta ɗari-ɗari da shirin, don suna ganin wata dabara ce ta sake buɗe rigimar ƙidaya. Kuma ba a banza suka yi zargin ba, ƙasar da ƙidayar 1962 ta jawo rikici har aka sake ta a 1963, ta 1973 kuma Murtala ya soke ta gaba ɗaya.

Ƙarshen wancan aikin kowa ya sani. A Disambar 2003 aka kori ministan ƙwadago Hussaini Akwanga, aka gurfanar da shi da wasu manya bisa zargin karɓar cin hanci a kwangilar. Shari'ar ta shiririce a nan gida. A Faransa wata kotu ta ci tarar uwar kamfanin Yuro 500,000 a 2012, kotun ɗaukaka ƙara kuma ta wanke shi a 2015. Katin da aka raba wa waɗanda suka yi sa'a, da yawa sun fito da suna a birkice ko hoto baƙi ƙirin. Ni nawa yana nan a cikin tsohuwar jakar takardu, ban taɓa amfani da shi a ko'ina ba.

A 2007 aka kafa hukumar NIMC, aka sake sabon lale. Tunanin ya canza: kati ba shi ne muhimmi ba, lamba ce mai alƙaluma 11 da za ta bi ka har kabari, haɗe da hoton yatsunka goma da fuskarka a rumbun bayanai guda. A Agustan 2014 Jonathan ya ƙaddamar da sabon kati mai tambarin Mastercard, aka yi ta surutu a kan yadda katin ƙasa zai ɗauki tallar kamfanin Amurka. Amma dai mutane ba su ruga rajista ba. Me za ka yi da ita?

To a nan ne nake so a lura da kyau. Yayin da katin ɗan ƙasa ke jan ƙafa, duk tsarin da ya shafi kuɗi gudu ya yi.

Babban Banki ya ƙaddamar da BVN ranar 14 ga Fabrairun 2014, kwanaki kaɗan kafin a dakatar da Sanusi Lamido Sanusi daga kujerar gwamna. Da aka ce duk wanda bai yi ba zuwa ƙarshen Oktoban 2015 ba zai taɓa kuɗinsa ba, bankuna suka cika maƙil. A 2015 ɗin ne Buhari ya tilasta wa ma'aikatu su kwashe kuɗinsu daga bankunan kasuwanci su zuba a asusun bai-ɗaya a Babban Banki, ta manhajar Remita, abin da aka jima ana magana ba a aiwatar da shi sosai ba. Tsarin biyan albashi na IPPIS, wanda aka fara gwajinsa tun 2007, da aka gwama shi da BVN sai asiri ya fara tonuwa: a Fabrairun 2016 ma'aikatar kuɗi a ƙarƙashin Kemi Adeosun ta ce ta cire ma'aikatan bogi 23,846, abin da ya rage wa gwamnati naira biliyan 2.29 a kowane wata. Dabarar ba wata mai wuya ba ce. Mutum zai iya ƙirƙiro sunaye ashirin a takardar albashi, amma ba zai iya ƙirƙiro yatsu ɗari biyu ba, duk asusun ashirin ɗin BVN ɗaya za su nuna.

Gaskiya a faɗe ta, wannan ci gaba ne, kuma ni ba na cikin masu cewa komai ƙarya ne. Wanda ya taɓa bin fayil daga tebur zuwa tebur yana ba masinja na goro ya san darajar a tura maka albashi kai tsaye. Sai dai IPPIS ɗin ma bai tsira ba. Malaman jami'a sun ƙi shi, suka ce bai san da malamin wucin gadi ko mai hutun bincike ba, suka kawo nasu mai suna UTAS. Yana cikin dalilan yajin aikin wata tara a 2020 da na wata takwas a 2022. Sai a Disambar 2023 gwamnati ta amince a cire manyan makarantu daga tsarin. Ƙannenmu da suka yi asarar kusan shekara ɗaya da rabi a gida, su suka biya kuɗin gardamar wace manhaja za a yi amfani da ita.

NIN ma ba ta tashi ba sai da aka ɗauko bulala. A tsakiyar Disambar 2020, ana tsaka da korona, ma'aikatar sadarwa a ƙarƙashin Dakta Isa Ali Pantami ta ba da mako biyu kowa ya haɗa layinsa da NIN ko a toshe. Kun tuna hotunan cunkoson da aka yi a ƙofar ofisoshin rajista, mutane suna sammako tun kafin asuba suna rubuta suna a takarda, a daidai lokacin da ake ce mana a ba da tazara. Aka yi ta ƙara wa'adi har zuwa 4 ga Afrilun 2022, ranar da aka hana layuka sama da miliyan 72 kira. JAMB ma ta sa NIN ta zama dole daga 2021. Kafin 2023 ta ƙare, masu lambar sun haura miliyan 100. Abin da lallashi na shekara arba'in bai yi ba, barazanar toshe layi ta yi shi a shekara uku.

An ce mana don tsaro ne. To, mu da muke Arewa maso Yamma muna da damar yin tambaya. Tun 2011 ake rajistar layuka, har aka ci MTN tarar dala biliyan 5.2 a 2015 kan layuka miliyan 5.1 marasa rajista, kafin a sasanta a kan naira biliyan 330. Duk da haka a Satumbar 2021 sai da aka kashe sabis ɗungurungum a Zamfara da wasu sassan Katsina da Sakkwato da Kaduna, saboda an kasa bin sawun masu waya daga daji. Har yau ɗan bindiga yana kiran iyalan wanda ya sace, a yi ciniki na kwana da kwanaki a waya. Na san amsar da masana ke bayarwa, cewa da wayar wanda aka sace suke kira, kuma gano wuri daban ne da iya shiga wurin. Na yarda. Amma ba haka aka tallata mana abin ba ranar da tsofaffi ke faɗuwa a layi.

Sai batun amana. An sa hannu a dokar kare bayanan jama'a a Yunin 2023. Shekara guda bayan nan ƙungiyar Paradigm Initiative ta fito ta ce ta sayi bayanan NIN na manyan jami'an gwamnati, har da ministan sadarwa Bosun Tijani, a wani shafin intanet kan naira 100. NIMC ta ce ba a kutsa rumbunta ba. Ko ta wace ƙofa bayanan suka fita, sun dai fita, kuma mutum yana iya canza lambar waya amma ba ya canza yatsa.

Abin da ya fi damuna shi ne wanda tsarin ke tacewa ya zubar. Manomin da fartanya ta cinye zanen yatsunsa. Matar da ke ƙauyen da sai ta biya kuɗin mota zuwa hedikwatar ƙaramar hukuma, ta tarar babu netwok, a ce ta dawo jibi. Dattijon da aka haifa "shekarar da aka yi fara", babu takardar haihuwa. Ga mu da suna ɗaya mai rubutu biyar, wasunmu da sunan gari a matsayin sunan mahaifi. Tunda yanzu tallafin gwamnati da bashin karatu na NELFUND da fasfo duk sai da NIN, wanda ya fi kowa buƙatar taimakon shi ne ya fi kusa da a ce na'ura ba ta san shi ba. Mai unguwa, duk da zaluncin wancan zamani, ya san Muhammadu da Mamman mutum ɗaya ne.

Mun dai je kotu mun yi takardar rantsuwa, mun biya kuɗin gyara, an ce mu saurari saƙo a waya. Kuɗin da ke cikin asusun na taki ne da ɗansa ya turo masa daga Fatakwal, ga damina ta kankama. Jiya da magariba Kawu ya kira ni yana tambaya ko saƙon ya shigo, na ce masa tukuna.