Bayan an tashi wasa: amincin Jack Twyman da Maurice Stokes a ma'aunin bangaskiyar Kirista

Ran 12 ga Maris 1958, a birnin Minneapolis na Amurka, ana wasan ƙarshe na kakar ƙwallon kwando tsakanin Cincinnati Royals da Lakers, sai Maurice Stokes ya yi tsalle zai jefa ƙwallo, aka yi karo, ya faɗo ta ka. Nan take ya suma. Aka shaƙa masa magani ya farfaɗo, aka mai da shi fili ya ƙarasa wasan, don a zamanin ba a ɗauki buguwar kai a bakin komai ba. Bayan kwana uku, suna cikin jirgin sama a hanyar dawowa daga Detroit, ciwon ya taso masa. Ya yi makonni bai san inda yake ba. Da ya farka hankalinsa garau, amma hannu da ƙafa da harshe duk sun ƙi motsi. Shekarunsa 24.

Kafin wannan rana Stokes yana cikin zaratan gasar NBA. Shi ne gwarzon sababbin 'yan wasa na 1956, a kakar da ta biyo baya kuma ya cafke ƙwallon da ta dawo daga kwando sau 1,256, adadin da babu wanda ya taɓa kaiwa kafinsa. Duk wannan bai hana a bar shi ba. A daidai lokacin aka sayar da ƙungiyar, gasar kuma ba ta da tsarin fansho ko na kula da ɗan wasan da ya naƙasa. Kaka ta ƙare, 'yan wasa suka watse kowa ya nufi garinsu, iyayen Stokes kuwa suna can Pittsburgh, ba masu hali ba ne. Wanda ya rage a Cincinnati shi ne Jack Twyman, farar fata ɗan shekara 23, ɗan ɗariƙar Katolika, wanda ya yi jami'a a garin kuma yake zaune a can da iyalinsa. Gari ɗaya suka fito da Stokes, shekara ɗaya aka ɗauke su a ƙungiyar, a 1955. Sai dai ba aminai ba ne a lokacin. Abokan aiki ne da suke shiri, iyakarta ke nan.

A nan muhawarar take. An saba cewa fili ne yake ƙulla abota mai ɗorewa: an sha rana tare, an ci tare, an sha kashi tare, saboda haka zumunci ya kafu. Ni ban gamsu da wannan ba. Abin da fili yake bayarwa shaƙuwa ce mai zafi wadda take rataye da manufa ɗaya, ranar da manufar ta kau kuma sai ta huce, shi ya sa tsofaffin 'yan wasa da yawa ba su haɗuwa sai a jana'izar ɗayansu. Aristotal ya ga haka tun tuni. A littafinsa na ɗabi'a ya kasa abota uku: ta amfani, ta jin daɗi, da ta nagarta, ya ce biyun farko suna mutuwa da mutuwar dalilinsu. Ya ƙara da cewa in rata ta yi yawa tsakanin mutum biyu, abota ba ta yiwuwa. Da ma'auninsa, ranar da Stokes ya kwanta babu sauran abin da zai haɗa shi da Twyman: amfani ya ƙare, wasa ya ƙare, daidaito ya ƙare. Amma a ranar ce amincinsu ya soma, ya kuma kai shekara 12.

Ga yadda ya soma. Twyman yakan zauna a bakin gado ya riƙa jero haruffa ɗaya bayan ɗaya, in ya zo kan wanda Stokes yake nufi sai Stokes ya ƙifta ido. A rubuta harafin, a koma farko. Kalma guda takan ci mintoci, jimla kuwa sai an yi haƙuri na gaske. Mutumin da aka biya don saurin hannunsa, ga shi yana jiran ƙiftawar ido. Daga nan ya je kotu aka naɗa shi mai kula da al'amuran Stokes a shari'ance, domin babu wanda yake da ikon taɓa ɗan kuɗin da ke asusunsa a biya asibiti. Ya bi kadin diyyar ma'aikata a jihar Ohio har aka samu. Tare da mai otal ɗin Kutsher's da ke jihar New York suka kafa wasan tara gudummawa na shekara-shekara, manyan taurari irin su Wilt Chamberlain suna zuwa su buga. Duk wannan yana yi bai ajiye nasa wasan ba: a kakar 1959 zuwa 1960 yana cin maki sama da 31 a kowane wasa in an daidaita, bai yi ritaya ba sai 1966.

Masana tauhidin Kirista ba su taɓa zama baki ɗaya a kan abota ba. Søren Kierkegaard, ɗan ƙasar Danmak, a littafinsa na 1847 kan ayyukan ƙauna, ya yi wa abota kallon tuhuma. Hujjarsa ita ce aboki zaɓaɓɓe ne, mutum yakan zaɓi wanda ya yi kama da shi, don haka son aboki yakan zama son kai da ya sake riga. Ƙaunar da Almasihu ya umarta kuwa ta maƙwabci ce, maƙwabci kuma ba a zaɓarsa. A ɗaya gefen akwai Aelred, shugaban gidan sufaye na Rievaulx a arewacin Ingila, wanda ya rasu a 1167. Shi ya ɗauki abota matakala ce zuwa ga Allah, yana koyar da cewa duk inda aminai biyu na gaskiya suke, Almasihu ne na ukunsu. Toma Akwinas ma, a ƙarni na 13, ya fassara ƙaunar da ke tsakanin Allah da mutum da cewa ita kanta abota ce.

A ganina labarin waɗannan mutum biyu ya nuna kowane ɓangare ya riƙe rabin gaskiya, abin da ya ɓace musu shi ne jeri. Twyman bai zaɓi Stokes ba. Ya same shi ne a kan hanyarsa, yadda Basamariyen nan na Luka sura 10 ya sami wanda 'yan fashi suka yasar, har da batun biyan mai masauki da alkawarin dawowa. Zuwa nan Kierkegaard yana da gaskiya. Amma misalin Luka ya tsaya a washegari, bai faɗa mana abin da zai faru in Basamariyen ya yi ta dawowa shekara da shekaru ba. Abin da yake faruwa shi ne abin da Aelred ya kwatanta: maƙwabcin ya zama amini. Hidima ce ta riga, so ya biyo ta. Hausawa da suka ce zumunci a ƙafa yake sun fi kusa da wannan jeri fiye da masu cewa sai jini ya haɗu tukuna.

Mai ja zai ce wannan tausayi ne, kuma tausayi daga sama yake gangarowa, ba ya zama abota. Ƙorafin yana da nauyi, domin akwai masu jinya da yawa da suke mai da majinyaci abin nuna alherinsu. Amsar tana wurin Stokes. Ya yi shekaru yana gashin ƙashi da motsa jiki mai azaba har ya iya furta wasu kalmomi, ya koyi buga keken rubutu da ƙyar, kuma saƙon farko da ya buga godiya ce ga Twyman. Yana bin labaran duniya, yana tsokanar masu ziyara, ana ɗauko shi zuwa gidan Twyman ya ci abinci da yaran. Twyman kuma har ƙarshen ransa yana cewa abin da ya samu ya fi abin da ya bayar. Ban ɗauki wannan maganar kara ba. A Yahaya sura 15 Yesu ya ɗaga almajiransa daga matsayin bayi zuwa na abokai, alhali ratar da ke tsakaninsu ta fi kowace rata. Ke nan a koyarwar Kirista ba a jiran daidaito kafin a yi abota. Abotar ce take samar da daidaiton. Kada kuma a manta wace Amurka ake magana: ta 1958, shekara shida kafin dokar 'yancin jama'a ta 1964, lokacin da ake hana baƙar fata masauki da wurin cin abinci a garuruwa da dama.

Ba na da'awar cewa irin wannan riƙon amana na Kirista ne kaɗai. Maƙwabtanmu Musulmi suna da babi guda a kan sada zumunci da duba marar lafiya, kuma na ga masu cika shi fiye da yadda da yawa cikinmu muke yi. Abin da nake cewa shi ne bangaskiyar Kirista tana da nata bayani a kan dalilin da ya sa abotar da aka gina kan ƙarfin jiki take iya rayuwa bayan jikin ya karye: darajar mutum ba ta taɓa zama a cikin abin da yake iya yi ba.

Akwai haɗari a yadda ake ba da irin wannan labari a kan bagade. Yana da daɗin wa'azi, daɗin kuma yakan rufe tambayar da ta kamata: me ya sa aka bar wa saurayi ɗan shekara 23 nauyin da ya hau kan ƙungiya da gasa? Sai a Janairun 1964, da taurarin NBA suka yi barazanar ƙin fita wasan zakaru a Boston, masu ƙungiyoyi suka amince da maganar fansho. Mu ma a nan mun san wannan ciwo. Rashidi Yekini, haifaffen Kaduna, wanda ya ci wa Najeriya ƙwallonta ta farko a gasar cin kofin duniya a 1994, ya ƙare kwanakinsa cikin kaɗaici, ya rasu a watan Mayun 2012, watan da Twyman ma ya rasu. Christian Chukwu, kyaftin ɗin da ya ɗaga kofin Afirka a 1980, sai da attajiri Femi Otedola ya sa hannu a 2019 kafin aka kai shi jinya Landan. Littafi Mai Tsarki bai raba abota da haƙƙi ba. A 2 Sama'ila sura 9, da Dawuda ya nemo Mefiboshet, gurgun ɗan amininsa Jonatan, bai tsaya ga ba shi wuri a teburinsa ba, sai da ya mayar masa da gonakin kakansa Saul. Twyman ma haka ya yi: da zama a bakin gado, da zirga-zirgar neman diyya. Ikilisiyar da take yabon na farko ta yi shiru a kan na biyu ta karanta rabin surar ne.

Stokes ya rasu ran 6 ga Afrilu 1970 sakamakon bugun zuciya, yana da shekara 36. Ya riga ya shiga ɗariƙar Katolika, aka binne shi a maƙabartar 'yan Faransiskan da ke harabar kwalejin Saint Francis a Loretto, jihar Pennsylvania, inda ya yi karatu. Ga wanda ya gaskata da tashin matattu, mutuwa ba ta warware alkawari, Twyman kuwa bai ɗauka an sallame shi ba. Ya yi ta neman a sa sunan Stokes a zauren girmama gwarazan ƙwallon kwando da ke Springfield, inda shi kansa ya shiga tun 1983. Kakar wasa uku kacal Stokes ya buga, abin da ya sa masu zaɓe suka daɗe suna jan ƙafa. An amince a 2004, shekara 34 bayan rasuwarsa, Twyman ne kuma ya hau dandamali ya karɓa a madadinsa. A 2013 NBA ta ƙirƙiro lambar yabo ta abokin wasa mafi nagarta, ta sa mata sunayen su biyun.