Kalmar "cheer" da takwarorinta a Hausa: sowa, guɗa, kabbara da ihu

Kalmar Ingilishi ta "cheer" tana yawan fitowa a rahotannin siyasa da na wasanni, kuma tana cikin kalmomin da ake karkatar da ma'anarsu wajen mayar da labari zuwa Hausa. Abin da take nufi a yau shi ne ɗaga murya da jama'a ke yi don nuna farin ciki, ko goyon baya, ko ƙarfafa gwiwa.

Asalinta

Ingilishi ya aro kalmar daga tsohon Faransanci a ƙarni na 13, lokacin da take nufin fuska. Daga nan ta koma nufin yanayin fuska, sannan fara'a. Sai a ƙarni na 18 ta ɗauki ma'anar ɗaga murya don murna. Har yanzu tsohuwar ma'anar na nan a "cheerful", wato mai fara'a, da "cheer up", wato saki ranka.

A Ingila akan ce "cheers" a madadin "na gode" ko "sai an jima". Magana ce ta tsakanin abokai, don haka ba ta dace da wasiƙar ofis ba. Kishiyoyinta su ne "jeer" da "boo", waɗanda ke nufin ɗaga murya don ba'a ko nuna ƙin amincewa.

Takwarorinta a Hausa

Sowa ita ce ta fi kusa da ita. Idan ƙungiyar Zamfara United ta jefa ƙwallo a raga a filin wasa na tunawa da Sardauna da ke Gusau, sowa 'yan kallo ke yi, galibi haɗe da tafi.

Guɗa ta mata ce, kuma gurbinta biki: kai amarya, suna, ko naɗin sarauta. Shewa ma ta fi yawa a bakin mata, musamman cikin raha.

Kabbara ita ce muryar murna a taron addini. Da ita jama'a suka tarbi ƙaddamar da shari'ar Musulunci a Gusau a watan Oktoban 1999, zamanin Gwamna Ahmad Sani Yariman Bakura. Kiran irin wannan da sowa rage masa daraja ne.

Ihu ya sha bamban. Idan ba a bayyana cewa na murna ne ba, hankalin mai sauraro kan tafi ga tsoro ko neman agaji, kamar kururuwa da kuwwa. Karin maganar "ihu bayan hari" shaida ce kan gurbin kalmar tun asali.

Inda kuskure ke shigowa

Jimlar "jama'a sun yi wa gwamna ihu" na nufin sun nuna masa ƙiyayya. Idan asalin labarin "cheer" ya ce, to mai fassara ya juya shi baki ɗaya, ya mayar da tarba ta zama tozarci. Irin wannan kuskure kan jawo wa jarida neman afuwa, ya kuma haddasa gaba tsakanin magoya baya.

Lamarin ya fi nauyi a yankunan da ke fama da hare-haren 'yan bindiga. Saƙon WhatsApp da ke cewa "ana ihu a Tsafe" ko "an ji ihu a kasuwar Bungudu" ya isa ya sa ɗan kasuwa ya rufe shago, direba ya fasa tafiya, alhali wataƙila gangamin siyasa ake yi ko rakiyar amarya.

Kafin a zaɓi kalma, a tantance abu uku: su wane ne suka ɗaga murya, a wane irin taro, kuma don murna ko don tsoro. Idan murna ce, a ce sowa, ko guɗa, ko kabbara, gwargwadon wurin. Idan kuwa dole ne a yi amfani da ihu, a cika shi: "ihun murna".